Jinjina ga 'yan ƙwallon jami'a a Mubi

Bayan la'asar, in ka tsaya bakin titi a Lamorde, za ka ga samari rataye da takalman ƙwallo a wuya, suna tare keke napep zuwa fili. Cikinsu akwai ɗaliban Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa a Mubi a 2002. Su nake yi wa jinjina yau.

Dubi takalmin mai tsaron gida: sau uku ya je wurin mai ɗinki, amma mai shi bai taɓa fashin atisaye ba. Dubi yadda ledar ruwa ɗaya ke zagaya baki huɗu a lokacin hutun rabin lokaci. Bafulatani ya miƙa wa Margi, Margi ya miƙa wa ɗan Gude, ba mai tambayar wani masallaci yake zuwa ko coci. Mubi, garin da Boko Haram ta mamaye a Oktoban 2014, har karatu ya tsaya cak, ya san darajar wannan.

Iyaye kan ce ƙwallo na cinye karatu. Ni dai abin da na gani daban ne: wanda ya saba amsa usur ɗin koci a kan lokaci ba ya makara a lacca, kuma jikin da ya yi gumi ya fi samun barci a makon jarrabawa.

Burin waɗannan ɗalibai shi ne NUGA, gasar jami'o'in Najeriya da aka fara a Ibadan a 1966. 'Yan mata ma sun shigo, musamman a ƙwallon raga, kuma ihun magoya bayansu ya fi na maza ƙarfi.