Daga Magama: wa ke satar fasahar wa?

Mai karatu, in ka taɓa bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi, ka san Magama ta Jibiya, inda mota ke tsayawa kafin a tsallaka Ɗan Isa. Can a gefen titi za ka ga irin rumfar da ke kowace tasha a Arewa: matashi da kwamfuta, yana tura finafinai a wayoyin matafiya. 'Yan canji kaɗan za ka bayar a cika maka memori. Kafin la'asar fim ɗin ya kai Maraɗi, kuma furodusan da ya zuba jarinsa ko sisi bai gani ba.

Wannan yaron 'yan fim ke nuna wa yatsa duk lokacin da aka ta da zancen satar fasaha. Ban ce ba shi da laifi ba. Amma ina ganin mun sauƙaƙa wa kanmu maganar.

Mu ɗan koma baya. Tun daga Turmin Danya a 1990 har zuwa lokacin da Sangaya ya buɗe kasuwa, yaya ake cinikin? Furodusa ya kai wa dillalan Bata da Ƙofar Wambai mastar fim, shi kuma ya tsaya sayar masu da kwali. Su ke buga kaset. Wato tun farko ribarsa a jikin takarda take, fim ɗin kansa ya bar hannunsa. Da sidi ya zo, sannan memori, sai kwalin ya zama shara. Ashe ba Magama ce ta ɓula tulun ba, da hudarsa aka gina shi.

Sannan ga maganar da ba mu so a yi: wankiya. Duk mai kallo ya san Khusufi ɗan'uwan Taal ne na Indiya, kuma ba shi kaɗai ba ne. Daga baya aka daina wahalar wankin ma, aka koma ɗora muryar Hausa a kan fim ɗin Indiyan kai tsaye, 'yan fim suka yi ta kukan an kashe masu kasuwa. To, Malam, wanda ya ɗauki labarin wani bai nemi izini ba, da wane baki zai kira mai rumfa ɓarawo? Masu kare wankiya na cewa aro ne, kuma an sa wa labarin rigar Hausa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don wani wankin ya fi wani. Sai dai mai aro sallama yake yi, ya faɗi sunan mai kaya.

Wasu na cewa a tsaurara tsaro a iyaka. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ta Jibiya ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Shinkafa ta sha wuya, fim kuwa ko tari bai yi ba. Jami'in kwastan zai iya zazzage buhu, amma yaya zai yi da abin da ke bin intanet?

Dokar ma akwai ta. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba mai fasaha damar neman a sauke aikinsa daga shafin da ya ɗora ba izini. Nijar ma na da ofishinta na haƙƙin masu fasaha a Yamai. Amma dubi inda ƙarfin hukuma ya karkata. A Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da finafinai 22 masu dogon zango, har da Labarina, saboda sakin su ba tare da an tace ba. Tacewa aikinta ne, ban musa ba. Abin da ke damuna shi ne, idan ana maganar sa ido a kan intanet, tarbiyya kawai muke nufi. Gumin marubuci da mawaƙi da mai tace hoto ba ya shiga lissafi.

Abin mamaki, YouTube ya yi abin da kame bai yi ba. Tun da Izzar So ya karɓu a 2020, mai kallo a Maraɗi da na Katsina tasha ɗaya suke shiga, kuɗin talla kuma ya tafi ga mai tashar. To amma marubucin da aka sallama sau ɗaya, ba takarda ba shaida, me yake samu idan kallo ya kai miliyoyi?

Nan gyaran zai fara. A rubuta yarjejeniya kafin a kunna kyamara. A sa sunan mai labari, ko Bahaushe ne ko Ba'indiye. Masu tura fim kuma a zauna da ƙungiyoyinsu su zama dillalai masu biyan kaso, tunda su ke kai fim inda kuɗin data ya gagari talaka. In gida ya gyaru, sai mu je Magama da bakin magana.

Allah Ya sa mu dace.