Matsalar Shata Iyaka Tsakanin Labarin Kimiyya da Labarin Al'ajabi a Darasin Zube

Idan aka zo rarraba ƙagaggun labarai, an saba a ware labarin kimiyya gefe guda, labarin al'ajabi kuma gefe guda. Ma'aunin da malamai suka fi riƙewa shi ne kayan cikin labarin: in an ga kumbo da na'ura a ce kimiyya ce, in an ga aljani da tsafi a ce al'ajabi ne. Wannan ma'auni yana da sauƙin koyarwa da sauƙin gyaran jarrabawa, amma ba ya jure nazari.

A dubi labarin dokin katako na cikin Dare Dubu da Ɗaya. Dokin nan yana tashi sama da mahayinsa, amma ba aljani ke ɗauke da shi ba. Wani masani ne ya ƙera shi, ya sa masa maɓallin hawa da na sauka, har ɗan sarki ya kusa halaka don ya tashi bai san na saukar ba. Na'ura ce sosai, ga ta kuma a tsakiyar hikaya. A ɗaya ɓangaren, Jules Verne a littafinsa na 1865 ya harba mutane zuwa wata daga bakin wata ƙatuwar igwa, da lissafi dalla-dalla, alhali ƙarfin harbin kaɗai ya isa ya murƙushe matafiyan. H. G. Wells kuwa a 1901 ƙirƙiro wani sinadari ya yi mai tare maganaɗisun ƙasa. Verne ya soke shi a kan haka, ga shi kuma yau dukansu biyu ana lissafa su cikin iyayen labarin kimiyya. To, me ya raba sinadarin Wells da layar zana, in ba irin bayanin da aka lulluɓe shi da shi ba?

Darko Suvin a 1979 ya ba da ma'auni mafi inganci, wato a duba yadda labari yake kafa hujjar baƙon abin da ya kawo: ta hanyar dalilin da hankali zai bi, ko ta ikon da ba a tambayarsa. Ko wannan ma yana da rauni, domin marubuci kan ari harshen kimiyya kawai ba tare da kimiyyar ba.

Abin ya shafe mu kai tsaye. Tauraruwa Mai Wutsiya ta Umaru Dembo, wadda ta fito a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, ita ake yawan kawowa a matsayin labarin kimiyya na Hausa. Sai dai tafiyar yaron zuwa sararin samaniya tare da baƙon halitta ba ta yi nisa da yawon Gandoki cikin aljannu ba. Saboda haka, a ganin wannan nazari, tambayar jarrabawa mai neman ɗalibi ya zaɓi rukuni ɗaya ga littafin Dembo ba ta dace ba. Gara a haɗa shi da Ganɗoki a zango guda, a nemi ɗalibi ya nuna daga matani inda marubuci ya ba da dalili da inda ya bar abin a matsayin ikon Allah.