'Yan Sakandaren da Ke Amsa Kiran Gaggawa

A garin Darien na jihar Connecticut a Amurka, idan dattijo ya yanke jiki ya faɗi, ko motoci suka yi karo a babbar hanyar I-95 da ta ratsa garin, aka buga lambar gaggawa ta 911, waɗanda za su diro daga motar asibiti yawanci 'yan sakandare ne. Ƙungiyarsu, Post 53, tun 1970 take aiki. Dare da rana suna karɓa-karɓa, ba a biyansu ko sisi, manya na tsaye a bayansu. Wanda kira ya same shi cikin aji, sai ya rufe littafi ya fita.

Darien ta yi suna ne saboda motar a hannun yaran take, amma koyon aikin ya bazu a ƙasar. Makarantu da dama kan koya wa 'yan ajin ƙarshe aikin agajin gaggawa, wanda ake kiran mai yinsa EMT, galibi da haɗin gwiwar kwalejin yankin ko 'yan kwana-kwana. Kwas ɗin kan ci kimanin awa 150 zuwa 190, har da bin motar asibiti don ganin aiki ido da ido. Daga nan sai jarrabawa biyu, ta kwamfuta mai tambayoyi 70 zuwa 120, da ta gwajin hannu. Yawancin jihohi sai mutum ya cika 18 suke ba shi lasisi, wasu kuma irin su Connecticut da Pennsylvania tun daga 16.

Sana'ar ba ta daɗe ba. A 1966 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasar Amurka ta fitar da wani rahoto da ya tayar da hankali: kusan rabin aikin ɗaukar majinyata a ƙasar masu sana'ar binne gawa ne ke yi, don motarsu ce ke da tsawon da mutum zai kwanta a ciki. A kwashe ka a zuba a baya, in da sauran kwana ka isa. A 1967 aka kafa Freedom House a unguwar baƙar fata ta birnin Pittsburgh, inda Dakta Peter Safar ya horar da mazan unguwar su fara magani tun a bakin titi. A 1970 aka kafa hukumar da ke shirya jarrabawar ƙasa baki ɗaya.

Darasin farko da ake cusa wa yaro shi ne ya tsaya. Jinin ƙuruciya na ce masa ya ruga, malam na cewa a sa safar hannu tukuna, a duba wurin. Akwai wayar lantarki a ƙasa? Fetur na zuba? Wanda ya yi sukar yana nan? A jarrabawar hannu, ɗalibin da ya isa ga majinyaci bai tabbatar da lafiyar wurin ba ya faɗi, ko da duk abin da ya yi daga baya daidai ne. Dalilin a fili yake: mai ceto in ya kwanta, majinyata sun zama biyu. Sauri kan haifi nawa.

Sai kuma jerin abin da ake dubawa, wanda ba a tsallake shi: jini mai tsiri, hanyar iska, numfashi, bugun jini. Ƙafar da ta karye ta karkace ita ke ɗaukar ido, amma tana iya jiran karan ɗori. Harshen da ya toshe maƙogwaron wanda ya suma ba ya jira. Haka ake koya musu cewa mai kururuwa yana numfashi, wanda ya yi tsit a gefe shi ne abin tsoro.

Dubi yadda ake danna ƙirji idan zuciya ta tsaya. Ɗaliba ta durƙusa gefen mutum-mutumin roba, ta ɗora gindin tafin hannunta a tsakiyar ƙirji, ta ɗora ɗayan a kai, ta miƙe gwiwar hannu, nauyin kafaɗa ke aiki. Kowace danna ta nutsa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, tana barin ƙirjin ya taso kafin ta sake. Danna 30, iska sau 2. Bayan minti biyu dole ta sauya da abokin aiki, domin hannu kan gaji ya rage zurfi mai shi bai sani ba. Ana cikin haka wani ya manna na'urar da ke ba zuciya shokin lantarki, ya ɗaga murya kowa ya ɗauke hannunsa. Ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba iska, don haka ake maimaita wannan har sai hannu ya haddace.

Ɗaurin tsayar da jini ma da ƙa'idarsa. Ana sa shi santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a murɗa sandar da ke jikinsa har jinin ya tsaya cak. Majinyaci zai yi ihu a sassauta, ba a sassautawa. Sai a rubuta lokacin da aka ɗaura, don likita ya san tsawon lokacin da hannun ko ƙafar ta yi ba jini.

Rabin aikin kuwa da baki ake yi. Ɗan shekara 17 zai rusuna gaban tsohuwar da ta yi jika da shi, ya faɗi sunansa, ya nemi izini kafin ya taɓa ta. Yaushe ciwon ya fara? Yana harbawa zuwa hannu ko muƙamuƙi? Wane magani kike sha? Yaushe kika ci abinci? In yana zargin shanyewar ɓarin jiki, sai ya ce ta yi murmushi, ta ɗaga hannu biyu, ta maimaita jimla guda, sannan ya tambayi mutanen gida lokacin ƙarshe da aka gan ta lafiya lau. Wannan lokacin ne zai nuna irin maganin da za a iya ba ta a asibiti.

Ana kuma koya musu iyakarsu. Abin da ke hannunsu kaɗan ne: iskar oksijin, sukari ga wanda nasa ya sauka, asfirin ga mai ciwon ƙirji, allurar adiranalin ga wanda maƙogwaronsa ya kumbura bayan harbin zuma ko cin abin da jikinsa ba ya so, da maganin farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne wa numfashi. Abin da ya wuce nan, sai a kira na gaba da su, masu horon awa sama da 1,000. A ƙofar asibiti, cikin 'yan jimloli, za su gaya wa nas abin da suka tarar, abin da suka yi, da yadda jikin ya amsa.

Akwai masu cewa nauyin ya fi ƙarfin yara, kuma da gaskiyarsu, don wanda ya danna ƙirji har aka ce ya bari, da abin zai kwana. Shi ya sa ake zaunar da su bayan kira mai tsanani a tattauna. Wasunsu kan zarce su zama nas, likita ko ɗan kwana-kwana. Da yawa kuma kan kama wata sana'a daban, amma duk kasuwa ko filin ƙwallon da suka shiga, an samu mutum guda da zai ce wa jama'a su ja baya, ya nuna wani da yatsa ya ce ya kira mota, shi kuma ya durƙusa ya fara.