Littafin Roots da Ladabin Neman Asali

Cikin shekarar 1976 wani baƙar fata ɗan Amurka, Alex Haley, ya fitar da littafi mai suna Roots, watau Saiwoyi. A ciki ya ce ya bi salsalar gidansu ta wajen uwa har ya kai ga wani Kunta Kinte, ɗan kabilar Mandinka, wanda aka kama a ƙasar Gambiya aka sayar da shi bawa a Amurka cikin 1767. Littafin ya yi farin jini ƙwarai, har aka mai da shi wasan talabijin cikin 1977.

Abin da Haley ya fara riƙewa shi ne labarin da ya ji daga bakin kakarsa a garin Henning, cikin jihar Tennessee, da waɗansu 'yan kalmomi na harshen Afirka da zuriyar ba ta manta ba. Cikin 1967 ya tafi ƙauyen Jufure, kusa da kogin Gambiya. Can wani dattijo, Kebba Kanji Fofana, ya jero masa asalin gidan Kinte, har ya ambaci saurayin da ya fita sarar itace bai komo ba. Daga baya Haley ya sami sunan wani jirgin ruwa, Lord Ligonier, wanda ya sauke bayi a Annapolis cikin Satumba 1767, ya ce shi ne ya ɗauki kakan nasa.

To, a nan ne aikin ya yi rauni. Cikin 1977 wani ɗan jaridar Ingila, Mark Ottaway, ya je Gambiya ya bincika, ya ce Fofana ba ya cikin maroƙan da suka gaji riƙon tarihi, kuma labarin da Haley yake nema ya riga shi isa ƙauyen. Kowa kuwa ya san mutanen kirki ba su son baƙo ya koma hannu wofi. Shaidar da aka riga aka gaya wa abin da mai ƙara yake so, alƙali ba ya dogara da ita.

Takardu ma ba su goyi bayansa ba. Haley ya ce ubangijin Kunta ya sa masa suna Toby. Cikin 1981 Gary Mills da Elizabeth Mills suka duba takardun Virginia, suka tarar da sunan Toby cikin bayin gidan Waller tun 1762, shekara biyar kafin jirgin ya iso. Ba shi yiwuwa mutum ya riga jirgin da ya kawo shi sauka. Bayan wannan, cikin 1978 Haley ya biya Harold Courlander kuɗi don a kashe ƙarar da ya kai, cewa an ɗebi waɗansu wurare daga littafinsa, The African.

Duk da haka ba daidai ba ne a jefar da littafin. Wahalar da ya kwatanta ta cikin jirgi da ta gonakin bayi ta auku ga mutane miliyoyi, kuma ya sa jikokin bayi masu yawa sun tashi neman asalinsu ba tare da jin kunya ba. Laifinsa shi ne ya ɗinke zato da tabbas wuri guda, ya bar mai karatu bai san inda ɗinkin yake ba.

Saboda haka duk mai neman labarin kakan da ya bar gida, sai ya bar tsofaffi su faɗi nasu tukuna kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya rubuta sunan wanda ya gaya masa, da wanda shi kuma ya ji daga gare shi. Sa'an nan ya auna kowace shekara da takarda. Inda igiyar ta tsinke, ya rubuta cewa nan ta tsinke, gama jikoki za su ɗauki abin da ya bari su yi gini a kansa.