Kanikancin A-kori-kura a Gabashin Sakkwato

A ƙauyukan da ke tsakanin Rabah, Wurno da Goronyo, irin su Maikujera, a-kori-kura ce ke ɗaukar kayan da suka fi ƙarfin babur da amalanke amma ba su kai a kira babbar mota ba. Ita ke kwaso albasa da tafarnuwa da shinkafa daga fadama, ta kai tumaki da awaki kasuwar Achida, ta dawo da taki da siminti, ga fasinja zaune bisa kaya. Da yawa daga cikin motocin nan sun girmi direbobinsu. Abin da ya riƙe su a kan hanya ilmi ne da ba a rubuta shi ba, wanda yaro ke koyo a gareji a hannun maigidansa, tun daga wankin noti da kananzir har ya kai ga sauke inji.

Tushen wannan sana'a yana haɗe da tarihin Peugeot a Nijeriya. An fara ƙera samfurin 404 a Faransa a 1960, sai 504 ta biyo baya a 1968. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri ta Kaduna, kuma ya ci gaba da fitar da 504 shekaru masu yawa bayan an daina yin ta a Faransa. Don haka kayan gyaranta suka wadata a Arewa, kanikawa suka san ta ciki da bai. Datsun da Toyota Hilux suka shigo suka samu nasu gurbi. Daga 1986, lokacin da tsarin SAP na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari ɗan kasuwar ƙauye. Aka koma kan 'yan kwatano da kuma raya tsofaffin da ke hannu, kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suka zama rumbun kayan da aka ciro daga matattun motoci.

Ƙirar motocin ma ta taimaka. Injin fetur na 404 da 504 yana da silif da ake zarewa, wato bututun da fistin ke kai da komo a ciki ba a haɗe yake da gangar injin ba. In ya cinye, sai a zare shi a sa wani tare da fistin da zobba, ba sai an kai injin wurin masu gogewa a birni ba. Kafireto da kwantak da famfon mai duk ana kwance su da sifana da sukundireba. Aikin kuwa rarrabe yake: bakaniken inji daban, mai waya daban, haka mai walda, mai lagireto, mai bugun bodi da mai faci. A manyan garejin Sakkwato kowa da rumfarsa, amma a ƙauye sau da yawa mutum ɗaya ke rufe guraben uku.

Gwaninta tana fara bayyana ne wurin gano ciwo. Gwani kan ɗora bakin dogon sukundireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya bambance ƙarar bawul ta sama da bugun kiranshaf na ƙasa. In inji yana rawa, sai ya riƙa cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka cire sautin bai canza ba, silindarta ce ba ta aiki. Daga nan ya zuba ɗan baƙin mai ta ramin fulogin. In ƙarfin matsi ya dawo, zobba ne suka cinye, domin man ya toshe gibin na ɗan lokaci. In bai dawo ba, laifin na bawul ne ko gaskit. Hayaƙin salansa ma shaida ne: shuɗi na nufin inji na shan baƙin mai, baƙi fetur ya yi yawa, fari mai kauri wanda ba ya yankewa bayan inji ya ɗumama kuwa ruwa ne ke shiga silinda. Duk waɗannan suna kan ƙa'idar da littafin kanikanci zai amince da ita. Na'urar awo ce babu, kunne da ido suka tsaya a madadinta.

Sai ƙera abin da babu. Ana yanka gaskit na famfon ruwa ko na giyabos daga kwali mai ƙarfi: a ɗora shi a kan ƙarfen, a bi gefe ana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma har siffar ta fita da ramukanta. Wannan yana riƙewa a inda babu wuta, amma ba ya maye gurbin gaskit na kan silinda. Robar sifirin da ta salansa ana fiɗe su daga tsohuwar taya, kuma wani lokaci sukan fi jabun da ke kasuwa daɗewa. In ƙusa ta karye a cikin inji, mai walda kan ɗora noti a kan guntun ya cika shi da walda. Zafin ya saki tsatsa, notin ya ba sifana wurin kamawa.

Ƙura da zafi su ne manyan abokan gābar inji a wannan yanki, inda a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. A nan ne wata al'ada ta kafu wadda ta cancanci suka, wato cire tamostat. Hujjar ita ce an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Gaskiyar ita ce inji yana da zafin da aka tsara ya yi aiki a kai, kuma in an cire tamostat, da safiyar hunturu sai ya daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan fetur, silif ya riƙa cinyewa da wuri. Abin da ke sa mota tafasa galibi lagireto ne da ruwan rijiya ya toshe da gasari, ko fanbel da ya saki, ko murfin da ya daina riƙe matsi. Murfi mai kyau kaɗai yana ɗaga ma'aunin tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa wajen 120. Bakaniken da ya san aikinsa yakan sa a buɗe lagireto a zurara masa tsinken ƙarfe bututu bayan bututu, maimakon ya jefar da tamostat.

Haka lamarin yake a wajen lodi. An ƙera waɗannan motoci don kaya kimanin tan ɗaya, amma a kakar albasa ana ɗora musu fiye da haka nesa ba kusa ba. Maganin gareji shi ne ƙara ganyen sifirin na baya da ɗaga bodi da ƙarafa. Motar takan daina zama a kan taya, sai dai nauyin bai tafi ko'ina ba: ya koma kan aksul da shasi da birki, kuma babu wanda ya ƙara wa birkin ƙarfi. In shasi ya tsage, mai walda na ƙwarai yakan huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagin don kada ya ci gaba, ya yi walda, sannan ya ɗaure wurin da faifan ƙarfe mai kusurwa a karkace. Wanda ya ja walda miƙe daga sama zuwa ƙasa ya shata wa shasin inda zai sake karyewa.

Akwai kuma dabarun hanya, waɗanda direba da yaron mota suka fi bakanike sani. Sabulu na toshe yoyon tankin fetur. Garin barkono ko ɗanyen ƙwai na rage ɗigon lagireto. In famfon mai ya mutu, a ɗaure galan a bisa rufi, a jawo tiyo zuwa kafireto. Tun da 'yan bindiga suka addabi hanyoyin Rabah da Goronyo, darajar waɗannan dabaru ta ƙaru, domin lalacewar mota a daji bayan la'asar ba asarar lokaci ce kawai ba. Aibinsu yana zuwa ne idan an iso gari lafiya aka bar su a matsayin gyara. Ƙwan da ya toshe huda yana toshe bututu ma. Wayar da aka naɗa a gurbin fis ita ke ƙone wayoyin mota gaba ɗaya. Mafi muni shi ne zuba ruwan omo a madadin man birki: man birki na ainihi ba ya tafasa sai ya wuce digiri 200, ruwa kuwa da zarar birki ya ɗau zafi zai zama tururi, ƙafa ta nutse har ƙasa.

Raya motar da ta daɗe a kan duwatsu yana da nasa tsari, kuma ya sha bamban da na masu tara tsofaffin motoci a Turai da Amurka, waɗanda burinsu mota ta koma kamar ranar da ta fito daga kamfani. A nan asali ba shi da farashi. Ana iya haɗa mota ɗaya daga uku, har a dasa mata injin wani kamfani in mai walda zai iya gyara masa mazauni. Kuɗi na fara tafiya ne kan inji da giya, sai ƙafafu, sai waya. Fenti da rubutun bayan mota su ne na ƙarshe, in lodin farko ya biya. Cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya sake lissafin, domin tsohon injin kafireto mai shan mai yana iya cinye ribar tafiya, abin da ya sa saita kafireto ya zama aikin da ake yawan nema.

Sabbin samfurin Hilux masu kwamfuta ba sa karɓar yawancin waɗannan dabaru, sai an kai su birni wurin mai na'urar bincike. Tsofaffin kuma idan gyara ya ƙare ba a jefar da su. Aksul da tayoyi su koma amalanken shanu, ganyen sifirin ya tafi maƙera a yi adda da gatari, batir da altaneta su shiga wata motar, ragowar ƙarfen 'yan gwangwan su saye a kan sikeli.