Rigunan Kano a Idon Barth: Abin da Ya Gani da Abin da Ya Tsallake

Duk ɗalibin da ya tashi rubutu a kan tufafin maza a Daular Sakkwato, da wuya ya kai shafi na biyu bai jingina da Heinrich Barth ba, Bajamushen nan da ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim. Jinginar tana da dalili. Mutumin ya shiga kasuwa da idon ɗan kasuwa, ya bambance baƙar riga mai ƙyallin shuni da rigar saƙi ta Nufawa, ya lura da jan alharinin da fatake ke kawowa daga Tarabulus, har ya ƙiyasta kuɗin tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. A fagen farashi da hanyoyin fatauci, shaidarsa tana da nauyi.

Inda nake da ja shi ne yadda ake ɗaukar wannan bayani a mayar da shi hoton suturar masu jihadi. Barth ya zo ne shekara 34 bayan rasuwar Shehu Usmanu a 1817, ya kuma tarar da birnin fatauci da fada. Jama'ar Degel kuwa, suturarsu alamar aƙida ce tun kafin ta zama ado: cikin dokokin da Sarkin Gobir Nafata ya kafa musu akwai hana maza naɗa rawani, da hana mata lulluɓi. A Kitabul Farƙ Shehu ya lissafa sanya kowace irin tufa ba tare da duba halaccinta ba cikin aibobin sarakunan da ya yaƙa. Bayan nasara ma maganar ba ta mutu ba, domin Malam Abdullahi ya koka a Tazyinul Waraƙat da waɗanda himmarsu ta koma ga riguna masu tsada da dawakin zaga gari. Har shi da yayansa sun saɓa a kan iyakar adon da ya halatta ga shugaba, Shehu ya sassauta a Najmul Ikhwan, Abdullahi ya tsananta a Liya'us Sulɗan. Wannan muhawara ba ta cikin abin da Barth ya zo nema, kuma wanda ya tsaya a kansa kaɗai ba zai san an yi ta ba.

Ɗauki alharini misali. A wurin Barth haja ce mai tsada. A wurin malamin Kano na zamanin tambaya ce ta fiƙihu, tunda an haramta wa namiji alharini, sai gwargwadon yatsu huɗu da hadisin Sayyidina Umar ya togace, kuma Risala ta ambaci saɓanin da aka yi kan tufar da aka gauraya saƙarta da shi. To, aikin aska takwas da ya rufe aljihu ya haura kafaɗa, a wane ma'auni za a sa shi? Zaren tsamiya, wanda tsutsar daji ke yi, hukuncinsa ɗaya ne da na alharinin Tarabulus? Waɗannan su ne tambayoyin da suka cancanci mujalla irin tamu, amma ɗalibanmu sukan wuce su, su tafi kwatanta launi da faɗin hannun riga.

Yara maza kuma sun fi kowa asara. Abin da matafiya suka saya, wanda gidajen adana kayan tarihi na Turai suka ajiye, mafi yawansa manyan riguna ne na sarakai da attajirai. Bante da 'yar taguwar almajiri ba su da farashin da zai ja hankalin baƙo, alhali kuwa malaman Malikiyya sun yi magana a kan abin da waliyyi zai sanya wa yaro, suka karhanta masa zinariya da alharini. Mai son sanin suturar yaron Kano a ƙarni na 19 sai ya haɗa littattafan fiƙihu da abin da dattawa suka ji daga kakanninsu, sannan ya koma ga Barth don ya ji nawa ake sayar da ƙyallen.