Bolt biyar da suka ɓata a Magama

A Magama, bakin iyakar Jibiya, inda tirelolin hanyar Maraɗi kan yi layi, da zarar mota ta ƙi tashi sai direba ya ce batir ya mutu. Ƙwararren rewaya ba ya saurin amsawa. Sai ya ciro mita, ya ce wa yaron mota, "Samari, murɗa min makulli."

Tirela batir biyu take ɗauka, kowanne bolt 12, a jera su su zama 24. A ce ana murɗawa mita ta nuna 22 a kan batir, a bakin sitata kuwa 17. To, ina biyar ɗin? Nan gwanintar take, kuma ba na gajiya da kallonta. Rewaya ya san ƙarfin wuta ba ya salwanta haka kawai. Wuta daga batir take fita, ta bi waya, ta ratsa sitata, ta dawo ta jikin ƙarfen mota. Abin da batir ya bayar, sai an kashe shi kaf a wannan zagayen, kamar kuɗin cefane da aka ba yaro: in ya dawo hannu rabbana, kowace naira akwai inda ta shiga. Wani ɗalibi Bajamushe, Gustaf Kirkof, shi ya rubuta wannan ƙa'ida a 1845, yana ɗan shekara 21. Tushenta kuwa shi ne makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba ya kuma ɓacewa, sai dai ya sauya kama.

Sai rewaya ya bi zagayen gaɓa-gaɓa, yana ɗora bakunan mita gefe da gefen kowace mahaɗa. Mahaɗa mai lafiya kusan sifiri take nunawa. Can ya iso kan batir, inda wani farin gari kamar kanwa ya taru, ko kuma ƙusar da ta ɗaure waya da jikin mota, tsatsa ta cinye ta. Sitata ɗaruruwan amfiya take zuƙa, don haka 'yar turjiya ta kashi ɗaya cikin ɗari na om, in amfiya 500 ta ratsa ta, bolt biyar cif take haɗiyewa, ta mai da su zafi. Shi ya sa yakan taɓa wurin da bayan yatsa.

Ya kankare, ya wanke, ya ɗaure tam. Aka murɗa, mota ta ɗauka.

Malam direba, kafin ka sayi sabon batir, bari rewaya ya ɗora mita tukuna.